Zanen Gadon Auta

Kwanakin baya aka buɗe wani shagon surfani a bakin titinmu, irin na zamani mai keken kwamfuta. Matar ɗana ta matsa sai na je na gani, na zura hijabi na bi ta. Muka tarar da wani saurayi zaune yana latsa waya, keke kuma yana can gefe yana ta aiki shi kaɗai, ba ƙafa ba hannu. Kafin mu gama gaisawa fure ya fito da ganyensa da komai, ba inda zare ya kauce. Na ce masa, “Ɗan nan, to kai aikin me kake yi a nan?” Ya ce, “Hajiya, gadi nake, kar zare ya tsinke.” Na yi dariya har sai da na dafa ƙyaure. Aikin ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai dai tun da na dawo gida kunnena yake ta neman wani sauti da ya daɗe bai ji ba, na rasa sukuni har na zauna ina tuna gidanmu.

A unguwarmu ta cikin garin Daura, idan hantsi ya yi ba sai ka leƙa gida ba kafin ka san abin da matan ciki suke yi. Nan lugude ne, can ƙarar guga a bakin rijiya, wani gidan ana suyar ƙuli ana faɗa da awaki, wani kuma mai kitso ce take yi wa yarinya tsawa ta tsayar da kanta. Gidanmu da keke aka san shi. Ba wai mu kaɗai ke da keken ɗinki ba, gidaje da dama suna da shi, amma kukan namu daban ne. Keken ɗinkin kaya gudu yake ya tsaya, ya yi gudu ya tsaya, saboda ana juya yadi. Namu in ya ɗauka ba ya tsayawa, sai ya yi ta zuba bai ɗaya kamar ruwan sama a kan rufin kwano, har mai wucewa ta lungu ya ce, “Goggo ta hau zanen gado, wata za ta yi aure ke nan.” Yanzu in na saurara da hantsi injin markaɗe nake ji da babura, sai kuma wayar maƙwabta.

Goggo yayar mahaifinmu ce. Ta yi aure a Damagaram tana yarinya, a can ta koyo surfani a kan keken ɗinki na yau da kullum, da mijinta ya rasu ta dawo gida da baƙin kekenta na takawa da akwatin zare. Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya ba. Da mahaifiyarmu ta rasu wajen haihuwar ƙanwarmu ta ƙarshe, ita ta karɓi jaririyar, Auta ta tashi ba ta san wata uwa ba sai Goggo. Doguwar mace ce mai tsokanar tsiya, ba ta ɗauki duniya da zafi ba, sai a kan abu ɗaya. Kana iya kushe miyarta ta taya ka dariya, amma kar ka kuskura ka ce furenta ya karkace. Kuma ba 'yar da ta taɓa fita daga gidanmu zuwa ɗakin miji ba tare da zanen gado na hannun Goggo ba, da rigunan filo mahaɗinsa. Nawa tattabaru ne suna fuskantar juna a cikin furanni, yana nan a ƙasan akwatina har gobe.

Ina goyon ɗana na biyu aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Malamai suna da nasu labarin, 'yan siyasa suna da nasu, mu matan cikin gida abin da muka fara gani shi ne hijabi. Tsohuwa tana so, amarya tana so, 'yar firamare ma sai da nata. Maigidana ya ga kasuwa ta buɗe ya sayo mini keke, na zama mai ɗinkin hijabi, har ina jin kaina tela. Alhali ɗinkin hijabi ba ya son wani wayo, ka miƙe layi ne, ka kalmashe baki, ka sa roba a fuska. Duk ranar da Goggo ta zo gidana ta same ni a kai sai ta ce, “Wannan ai keke ne yake ɗinki, ke rakiya kike yi masa.” Bikin aure ma ya sauya. Kalangu ya yi shiru, aka koma walima da wa'azi. To mata kuwa dole su sami inda za su zuba ido da baki, sai duk suka koma kan ɗakin amarya. Ranar jere ta zama ita ce ranar, a duba gado, a duba kwanuka, a taɓa labule, abin da aka gani kuma a yi wata ana maimaita shi a gidajen suna. Har tattabarun Goggo abin ya shafa, domin malamar Islamiyyarmu ta ce ba kyau hoton mai rai a ɗakin kwana. Goggo ba ta yi musu ba. Ta je ta zana wani sabo da fensir ta nuna mini, na duba na ga tattabarun nan ne dai, ta cire musu kai da ƙafa ta mai da fukafukan ganye. Ta ce, “To yanzu su tashi in gani.”

Ana cikin haka aka sa ranar Auta da wani malamin makaranta ɗan Dutsi, wanda ita ta kawo shi da kanta ta kuma hana kowa sakat da zancensa. Goggo ta ba da saƙon zaren siliki daga kasuwar Kongolam ta bakin iyaka, ja da kore da ruwan ɗorawa da ruwan hoda, ta yanki farin yadi ta zane shi kaf, keke ya ɗauka. Ta gama gefe ɗaya na zanen, daga kai har ƙafa. Daga nan sai keken ya yi shiru. Dama mun ɗan jima muna ganin wata sabuwar ɗabi'a a wurinta, komai nata sai ta yi masa ƙulli. Akwai ƙulli a gefen zanen sallarta, akwai a igiyar hijabinta don kar ta ɗauki na Auta, har 'yar jakar goronta da nata. Mun ɗauka rigimar tsufa ce, muna ta tsokanarta.

Wata safiya ta aiko in zo. Na shiga ta ce in sakaya ƙofa, ta jawo zanen daga ƙarƙashin filo ta shimfiɗa a cinyarta.

“'Yar nan, yanar ido ce ta rufe mini gani. Farin yadin ina ganinsa, layin fensir ne ba na gani. Daga ni sai Auta muka sani, yanzu ke ce ta uku.”

Sai na fara salati. Ta ce in bar wannan tukuna, akwai abin da ya fi shi gaggawa. Babbar gwaggon ango, wadda muke kira Hajiyar Dutsi, tare suka koyi surfani a Damagaram, tun suna amare suke gasa da tsokanar juna. Ita za ta jagoranci dangin ango ganin ɗaki, kuma kowa ya san halinta, ba ta kallon fuskar zane, juya shi take ta dubi bayansa.

“Ba zan kai Auta ɗaki da rabin zane ba, ba kuma zan saya mata na kanti ba, a ce a kanta aka fara. Duk yayyenta sun tafi da nasu. Ke za ki ƙarasa.”

“Goggo, ni fa layi kawai na iya.”

“Shi ne abin da za mu fara cire miki.”

Ranar farko na ɗauka lalata keken za ta yi. Da lalube ta kwance takalmin, wato ɗan ƙarfen nan da yake danne yadi, ta jefa shi a gwangwani. Haƙoran da suke jan yadi baya kuma ta rufe su da wani ɗan fallen ƙarfe da aka yanko daga marfin gwangwanin madara, mai huda a tsakiya inda allura za ta wuce. Sai ta ɗauko bakin tsofaffin rariya guda biyu da wani kafinta ya yanke mata sirara, ɗaya tana shiga cikin ɗaya, ta ɗame tsumma a tsakaninsu, ta ƙwanƙwasa da yatsa har ya yi amo. Ta tura shi ƙarƙashin allura ta ce, “To, yanzu keke ba ya danne miki, ba ya ja miki. Sara kawai zai yi, inda kika kai masa nan zai sara.” Na taka, na naɗe hannu ina jiran yadi ya tafi kamar yadda na saba. Yadi bai je ko'ina ba. Allura ta yi ta caka wuri ɗaya har ta tara tudun zare ta karye. Goggo ta ce, “Wa kike jira? Mijinki?”

Allurar da na karya a farkon nan Allah kaɗai ya san yawanta. Maigidana ne yake sayowa in zai taso daga kasuwa, a shagon wani Ibo mai kayan keke da ya daɗe a Daura har ya iya ba'ar garin. Da ya ga zuwan ya yi yawa sai ya ce masa, “Malam, a miya kuke zubawa ne?” ya kuma ƙara masa gyara. Laifin nawa ne. Aikin yana son ƙafa ta yi sauri, hannu kuma ya ja zoben rariyar nan a hankali, ko kamar yadda Goggo take faɗa, ƙafa ta yi gudu, hannu ya yi tafiyar amarya. Ni kuwa da zarar na tsorata sai in rage ƙafa in fizgi hannu, wanda shi ne daidai abin da ke lanƙwasa allura. Ga yatsuna a kusa da ita, ba takalmin da zai kare su. Sau ɗaya ta same ni a gefen farce, na yi kururuwa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Goggo tambayarta ɗaya ce, ko jinin ya taɓa yadi.

Amma dariyar da aka fi yi mini ta ganyena na farko ce. Ranar na bi layin fensir ban kauce ba, na cike shi da kore, ya fito ganye sosai. Na kira Auta ta zo ta gani, muka yi ta tsalle kamar yara. Goggo ta miƙo hannu ta karɓi zoben. Ko taɓa fuskarsa ba ta yi ba, ta kifa shi ta bi bayan da yatsa, sai na ga ta ƙunshe dariya. Na leƙa, ashe zare ne ya cukuikuye a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu. Ta ce, “Ba ki sauke hannu ba.” Akwai wani ɗan hannu a bayan kan keke da ake saukewa don takalmi ya danne yadi. Tunda takalmin yana cikin gwangwani, ni ban ga abin da zan sauke ba. Ashe shi ne kuma yake ɗame zaren sama, in aka bar shi a ɗage sai zaren ya tafi sakaka ya taru a ƙarƙashi. Duk wanda ya saba da ɗinkin kaya sai ya yi wannan kuskuren, domin takalmin yake kallo, in bai gan shi ba sai ya manta da hannun. Goggo ta ce, “Da takalmi, ba takalmi, a sauke.” Daga ranar ba ta barin in taka sai ta ji ya ce ƙwas.

Haka na riƙa yi. In tashi da sassafe in yi shara in ɗora sanwa, in sallami maigida, in saɓa goyo in bi lungu zuwa gidanmu, ba ni dawowa sai bayan la'asar. Hijaban mutane suka taru a kwando suna jirana. Hannuna ya fara faɗawa, amma ƙafata ta ƙi, ga ranar biki tana matsowa. Rannan Goggo ta ce da Auta ta kawo benci maimakon kujera. Ta zauna a gefena ta ture ni da kwatangwalo, ta ce, “Matsa. Ƙafata ba ta makance ba. Ke kawo ido da hannu.” Ta ɗora ƙafarta a gefe ɗaya na matakin keken, ni na ɗora tawa a ɗaya gefen don in ji yadda take yi. Wanda ya shigo ya gan mu sai ya yi dariya, mata biyu a kan keke ɗaya, ga jariri a baya yana barci da jijjigar. A nan na fara jin sautin nan na gidanmu yana fita daga ƙarƙashin hannuna. Goggo tana taka tana saurare, kanta a karkace. Da kunne take gane na yi sauri ko na tsaya wuri ɗaya, har zaren ƙasa na kan kwarkwaro in ya kusa ƙarewa tana riga ni sani. Muna yi tana ba ni labarin Damagaram, da matar da ta koya musu mai dukan hannu da ludayi, da yadda Hajiyar Dutsi ta taɓa haɗa bakin gyalenta da yadin mutane ta ɗinke. Ban taɓa samun Goggo ni kaɗai kamar a kwanakin nan ba, kuma na ji daɗinsu fiye da yadda zan iya faɗa.

Sai da muka bar tsumma muka hau zanen Auta na gaske, muka yi nisa a ciki, wata rana ina tsakiyar cike wani jan fure na ji ƙamshin goro da ƙarar ɓantara. Na ɗago, sai na ga Goggo ta tanƙwashe ƙafafunta duka biyu a kan benci tana cin goronta. Na tambaye ta yaushe ta cire ƙafa. Ta ce tun ganye na sama, ba ta ga amfanin ta gaji a banza ba.

Muka gama ana jibi jere. Aka wanke, aka goge da dutsen guga na gawayi, aka shimfiɗa a kan tabarma. Daga nesa ba wanda zai ce ba hannu ɗaya ba ne. Amma ni da na yi na san bambancin. Gefen Goggo zaren kwance yake lumui kamar tare aka saƙa shi da yadin, bayansa ma kamar fuska. Nawa akwai inda zaren ya yi tsalle, akwai inda ya yi kauri, a baya kuma akwai 'yan ƙulle-ƙullen da ba su da dalili. Na ce da Goggo Hajiya za ta gane. Ta ce in ta gane ta gane, ai ba sata muka yi ba.

Muka cika ƙaramar mota mu mata zalla har da amarya muka nufi Dutsi, Goggo tana dafe da kafaɗata tana ce wa mutane gwiwa ce ke damunta. Muka yi jere, muka kafa gado, aka shimfiɗa zanen, ɗaki ya haska. Bayan azahar dangin ango suka shigo, Hajiya a gaba, gajeriya mai ƙiba da tabarau a kan hanci.

“Ina tsohuwar nan? Har yanzu kina ɓata wa mutane yadi?”

Goggo daga kan tabarma ta ce, “Ina ɓatawa, ke kuma kina kallo, tunda shi kika iya.”

Aka yi dariya. Hajiya ba ta ko dubi kwanuka ba, ta nufi gado. Ta ɗaga gefe ɗaya ta juya, ta kai shi kusa da tabarau. Ta zagaya ta ɗaga ɗayan. Ta daɗe a kai. Can ta ce, “Wannan hannu biyu ne.”

Goggo ta miƙe, ta lallaba har bakin gado. Ta bi kalmasar zanen da hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan kamar mai gyara shimfiɗa, sannan ta kifa tafinta a kan gefen da ni na yi.

“Hannu biyu ne. Nan nawa ne. Idona ya tafi, Hajiya, yanar ido ce ta rufe shi. Da ƙyar na lallaba na yi wannan gefen, shi ya sa kika ga zare yana tsalle. Wancan gefen 'yar nan ce ta yi, 'yar ƙanena.”

Na dubi inda ta dafa. Ashe Goggo ta juya, gefena ta ce nata, nata ta ce nawa. Na buɗe baki, sai na tuna inda muke, ba a gyara wa babba magana a cikin taro, balle a gaban surukai. Hajiya ta koma wancan gefen, aikin Goggo na gaske, ta sake dubawa. Ta dubi Goggo ta daɗe, sannan ta juyo kaina.

“Ke kika yi wannan? Zo nan in ga hannunki. Kai, masha Allah! Tsohuwa, ko a ƙuruciyarki ba ki wuce haka ba.”

Wata ta rangaɗa guɗa, saura suka ɗauka, aka manta da cewa an rage irin wannan a biki. Mata suka yi ca a kan gadon, kowa tana son ta taɓa. Hajiya ta zauna kusa da Goggo ta kama hannunta, na ga tana share ido da bakin hijabi.

“Shi ne ba ki aiko kin faɗa mini ba?”

“In faɗa miki ki kwana kina murna?”

Auta tana can ƙuryar ɗaki a lulluɓe, kafaɗunta suna rawa, ban sani ba ko kuka take ko dariya. Kafin mu baro Dutsi Hajiya ta ce jikarta za ta yi aure bayan Salla, kuma ni take so.

A mota na raɗa wa Goggo a kunne, “Goggo, kin fa juya. Gefen da kika dafa nawa ne.” Ta ce, “Ashe? To makauniya ce, me za a yi mata? In yatsana bai iya raba su ba ai kin iya ke nan. Yi shiru kar ki sa a ce na fara ruɗewa.” Na ji kamar in sauka in ƙarasa Daura da gudu don murna. Yabon Hajiya bai kai mini wannan ba, a ce yatsan Goggo, da yake gane kuskure ta bayan yadi, ya taɓa aikina ya ɗauka nata ne. Na ba maigidana labarin har ya haddace.

Aiki ya yi ta zuwa, daga Dutsi, daga cikin gari, har daga ƙetaren iyaka. Kowa kuma irin wancan gefen take so, wanda aka ce nawa ne. Sai da na yi shekaru ina binsa kafin in kamo shi, kuma ba don an riga an ɗora mini shi a gaban mutane ba, ban jin zan wahala haka. Goggo ba ta sake zana ko ganye ba. Ta ƙi yarda a taɓa mata ido a asibiti, ta ce abin da ta gani ya ishe ta. Sai dai ta zauna kusa da keke da goronta, in na yi sauri ta yi gyaran murya. Mutane kuma suka riƙa cewa Allah sarki Goggo, a aikinta na ƙarshe hannu ya riga ya tafi. Tana ji, ba ta taɓa tankawa ba, ita da ba a ce wa furenta ya karkace. Da ta rasu aka ba ni baƙin keken. Yanzu kuwa ba mai nema. Zanen gado a leda yake zuwa daga kanti, uku-uku, wanda ya fi so ya kai wa kwamfuta. 'Yan matan yanzu in na ce musu na taɓa shafe wata a kan zane ɗaya sai su dube ni da tausayi. Ni ma idon ya fara gajiya, sai na lulluɓe keken da tsohon zane na tura shi kusurwa.

Bayan zuwana shagon nan da 'yan kwanaki aka yi suna a Dutsi, Auta ta yi jika. Da mutane suka ragu na ce ta fito mini da zanen nan in gani. Ta tono shi daga ƙasan akwati yana ƙamshin turaren wuta, farin ya ɗan ja, amma furannin suna nan da ransu. Na manta tabarau a gida, sai na riƙa bi da yatsa. Ina bin kalmasa, a kusurwar gefen Goggo, na ji wani ɗan tudu. Na kai shi bakin ƙofa wajen haske, sai ga ƙulli na jan zare, ƙarami, an cusa shi a cikin kalmasar yadda ido ba zai gani ba. Irin na zanen sallarta ne, irin na igiyar hijabinta.

Na ce, “Auta, mene ne wannan?”

Ta leƙo, ta fashe da dariya. “Yaya, sai yau? Da safen da za mu tafi jere ta sa na zura mata zare a allura, ta ce in ɗora hannunta a gefen da ta yi. Ta ce in na faɗa miki ba ni ba ita.”

Na zauna a bakin gado da zanen a cinyata. Na tuna hannun nan yana bin kalmasa daga kusurwa zuwa kusurwa kafin ta yi magana. Na tuna kallon da Hajiyar Dutsi ta yi mata, matar da ta san hannun Goggo tun suna amare. Na yi dariya, na yi kuka, na ce tsohuwar nan ta yi mini wayo har tana kabari, Allah ya jiƙanta ya haskaka mata.

Da na dawo gida na yaye wa keken zanen da ya rufe shi, na goge, na ɗiga masa mai. Takalmin yana nan a cikin gwangwaninsa. Na ɗame wani tsumma a bakin rariya, na jawo benci, na kai hannu baya na sauke, ya ce ƙwas. Sai na ɗora ƙafata a gefena na matakin, na bar mata nata gefen.